'Yar Fari a Gindin Kwando

Duk wanda ya taɓa zama a Minguettes, unguwar dogayen benayen nan da ke kudancin Lyon, ya san Hamdiya Mounkaila ko da bai san sunanta ba. Ita ce yarinyar da take sunkuyar da kai in za ta shiga tiram, ƙaramin jirgin ƙasan nan na cikin gari. Tsawonta mita ɗaya da santi casa'in da ɗaya, takalminta lamba arba'in da biyar, kuma tun tana firamare matan unguwa suke tsayar da ita a kanti ta sauko musu da gwangwanin tumatir daga inda hannunsu bai kai ba. Ba wanda ya san inda ta kwaso wannan tsawo. Mahaifinta, Malam Mounkaila, gajere ne mai sanƙo, mutumin Maraɗi da ya zo Faransa karatun kimiyya, ya kwashe digiri har uku, ya ƙare yana wanke kwalabe a ɗakin gwaji na wani kamfani a Vénissieux. Mahaifiyarta kuwa, Hajiya Zouera, in ta tsaya kusa da ita iyakarta hammata.

Hamdiya ce 'yar fari a gidan, kuma wannan ne ya ja mata duk abin da ya same ta. Hajiya Zouera ta baro Maraɗi da akwati biyu da ƙaramin turmi da alkunya cikakkiya, ba ta bar ko ƙwaya ɗaya a filin jirgi ba. A wurinta mace mai mutunci ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, yabo kuwa ko a mafarki. Ga kuma tsoron baki. Abin da aka yaba a bainar jama'a, a ganinta, an miƙa shi ga kambun baka ke nan, sai dai a jira ranar da zai lalace. Saboda haka ƙannen Hamdiya biyu, Zakiyya da Abdul'aziz, sun sha jin sunayensu ana kwaɗa musu daga tagar hawa na tara har ƙarshen unguwa, ita kuwa shekara ashirin da ɗaya tana amsa "ke" da "yarinyar ga". Ranar da aka kai ta makaranta, malamar aji ta tambayi Hajiya sunan yarinyar, sai ta nuna mata takarda da yatsa. Malamar ta rubuta a fayil cewa uwar ba ta jin Faransanci, alhali Hajiya tana jin wanda ya isa ta zagi mai sayar da kifi.

Ba son ƙwallon kwando ne ya kai Hamdiya fili ba, tsawo ne. Tana shekara goma sha ɗaya malamin wasanni ya hango kanta ya fito sama da na sauran yara, ya ruga ya kama hannunta sai ka ce ya tsinci kuɗi. Shekara biyu ta yi tana tsaye a gindin kwando da hannuwa a sama, ƙwallo na dukan ta a hanci. A wannan zamanin ne ta fara lura da iyayen sauran yara. Yarinya za ta jefa ƙwallo a kwandon ƙungiyarsu, ta ba abokan karawa maki biyu kyauta, uwarta ta miƙe tana ihun "Bravo, ma chérie!" har da hawaye. Hamdiya takan koma gida da maki takwas, Hajiya ta dube ta ta ce tana warin zufa, ta wuce banɗaki.

Tana shekara goma sha huɗu Malam Mounkaila ya rasu. Gidan ya yi mata ƙunci, sai ta fara sauka da sassafe zuwa filin siminti da ke tsakanin benaye, ta yi ta jifa ita kaɗai kafin lokacin makaranta. A nan ne hannun ya faɗa. Ni ba mai yawan yabo ba ne, amma gaskiya ɗaya ce, yarinyar ta iya. Tana da ƙafa mai sauri wadda ba a saba gani wurin dogaye ba, kuma in ta kafa bayanta a gindin kwando sai dai a kewaye ta. Da ta shiga jami'a a Lyon karatun ilimin halittu, ba a yi wata biyu ba aka ba ta kyaftin na ƙungiyar mata.

Kada wannan suna ya ruɗi kowa. Ƙwallon kwando na jami'a a can ranar Alhamis da rana ake yin sa, a ɗakin wasa mai warin roba, gaban 'yan kallo goma sha ɗaya, cikinsu har da mai gadi da ya ƙosa a tashi ya kulle. Ƙungiyar 'yan Nijar masu digiri da ke Lyon ta tattauna batunta sau ɗaya a taron sallah. Wani dokta ya yi jawabin minti ashirin kan yadda wasanni ke ɗaga martabar ƙasa, bai taɓa zuwa kallo ba kafin jawabin, bai kuma zo ba bayansa. Matan kuwa abin da ya dame su shi ne wane namiji ne zai yarda ya riƙa ɗaga kai in yana yi wa matarsa faɗa. Da Hamdiya ta kawo kofin gasar yanki gida, Hajiya ta juya shi, ta leƙa cikinsa, ta ce bakinsa na da faɗi. Washegari aka same shi a kicin cike da dunƙulen daddawa.

A shekararta ta uku ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na jami'o'i, aka buga a Paris. Hamdiya ta ci maki talatin da ɗaya, ta cafe ƙwallo goma sha bakwai da suka dawo daga kwando, duk da haka aka cinye su, don sauran 'yan ƙungiyar sun je Paris ne ɗaukar hoto. Bayan wasa wata Ba'amurkiya mai gajeren gashi da littafin rubutu a hannu ta tare ta a bakin ƙofa. Sunanta Darlene, koci ce a wata ƙaramar kwaleji da ke can tsakiyar gonakin masara, inda ƙanƙara ke rufe mota. Ta ce saura gurbi ɗaya gare ta: karatu kyauta, ɗaki, abinci, da fili mai ɗaukar mutum dubu uku. Mutum biyu take dubawa, Hamdiya da Inès, wata 'yar ƙungiyarsu mai gudu da surutu. Ta kuma ce kada Hamdiya ta yi tunanin baɗi, don baɗi shekarunta a jami'a sun wuce abin da za ta iya ɗauka.

Sharaɗi ɗaya ta gindaya. Ta ce ta sha ɗauko 'yan wasa daga ƙetare su gudu gida kafin sanyi ya wuce, saboda haka ba ta ɗaukar yarinya sai ta zauna da iyayenta ta ji halinta daga bakinsu. Ta ce uwa ba ta ɓoye gaskiyar ɗiyarta. Hamdiya ta yi murmushin dole ta ce to.

Da labari ya isa gida, ba a kwana ba ya isa unguwar Belleville ta Paris, wurin Kawu Dodo, yayan Hajiya. Kawu Dodo yana da shago a Paris da yake sayar da akwatuna da atamfa da turare da cazar waya, kuma tun rasuwar Malam Mounkaila ya naɗa kansa uban gida daga nisan kilomita ɗari huɗu da wani abu. Ya yanke hukunci cewa baƙuwa irin wannan a falonsa za a tarbe ta, kuma shi ne tafinta, tunda ya koyi Turanci a kasuwar Kano ya ƙarasa shi a Dubai. Turancin nasa ya ƙware a kan farashin akwati, amma ba wanda ya isa ya gaya masa.

Ranar Asabar da safe Hamdiya da Hajiya suka hau jirgin ƙasa, Hajiya rungume da roba cike da dambun nama. Sun wuce rabin hanya kafin Hamdiya ta samu ƙarfin buɗe baki.

"Maman, don Allah, in ta tambaye ki halina, ki ce ina da ƙoƙari. Shi ke nan. Kalma ukku ce."

Hajiya ba ta ɗauke ido daga taga ba. "Ke za ki koya mini magana da baƙi? Tun ba a haihe ki ba nike tarbar mutane."

"Su ba kamar mu ba ne, Maman. Abin da kinka hwaɗi shi za ta rubuta."

"To ta rubuta. Ai da alƙalami ta taho."

Koci Darlene ta iso ƙarfe uku daidai, abin da ya ba Kawu Dodo haushi don bai gama naɗa rawani ba. Gaisuwa kaɗai ta ci kwata. An tambaye ta gajiya, an tambaye ta sanyi, an tambaye ta mutanen Amurka gaba ɗaya, an tambaye ta maigida, ta ce ba ta da shi, Kawu ya ce Allah ya kawo nagari, ya kuma fassara mata. Aka cika mata faranti har ta rasa inda za ta ɗora littafinta. Sannan Kawu ya dubi Hamdiya ya ce manya za su yi magana, ta je kicin ta taya matarsa suya. Ta tashi ta tafi, kyaftin guda, ta tsaya bayan ƙofa da matsami a hannu tana jin komai.

Darlene ta fara da abin da take ganin zai faranta ran uwa. Ta ce a shekara ashirin na aikinta ba ta ga yarinya mai hannu da ƙafa irin wannan ba, ta ce baiwa ce, ta ce kowa a ɗakin wasan ita yake kallo. Kawu ya juya shi zuwa Hausa da ƙari. Hamdiya ta san abin da zai biyo baya. Baƙuwa mai shuɗin ido ta zauna a gaban Hajiya tana lissafa ni'imomin 'yarta ɗaya bayan ɗaya, ko "tubarkalla" babu. A wurin Hajiya wannan gobara ce, kuma ita ta san ruwan kashe ta.

"Wa? Waccan?" in ji Hajiya. "Tsawo ne kawai, Alhaji, hwaɗa mata. Barci gare ta kamar kasa. In ba a tashe ta ba sai azahar. Ba ta jin magana, ka ce gabas ta yi yamma. Ga ciwo, yau ƙahwa, gobe baya, jibi kai. Ci kuwa, tukunya guda take tashi da ita. Mu dai muna haƙuri da ita."

Kawu Dodo ya gyara zama. A fahimtarsa, gwargwadon yadda gida ya kushe ɗansa gwargwadon girman gidan, kuma bai ga dalilin da za a ce ƙanwarsa ta fi shi tarbiyya ba. Ya fassara duka, ya ɗora nasa. "Lazy, Madam," Hamdiya ta ji yana cewa da murya mai daɗi, "very, very lazy." Ya ƙara da cewa gwiwarta ta hagu tun tana ƙarama take ba su tsoro, abin da ya ƙirƙiro nan take don zancen ya yi armashi.

Da a Maraɗi ne, baƙuwa ta san abin da za ta ce. Za ta tafa hannu ta ce haba Hajiya, ai kin yi dace, Allah dai ya raya, kowa ya yi dariya, kowa ya gane cewa yarinyar zinariya ce shi ya sa ake rufe ta da tsumma. Darlene ba ta san wannan amsar ba. Ta tambaya ko gwiwar an taɓa yi mata hoto a asibiti. Kawu ya ce sau da yawa. Hamdiya ta ji ƙarar alƙalami a kan takarda, ta ji an juya shafi. Taku uku ne tsakaninta da falon, kuma Turancinta ya fi na Kawu nesa ba kusa ba, amma ɗiya ba ta fitowa ta ƙaryata uwarta a gaban baƙo. Ta tsaya nan har dankalin ya ƙone.

Da baƙuwa ta tafi da robar dambu a jaka, Kawu ya cire rawani ya share zufa ya ce alhamdulillahi an fita kunya, yanzu Amurka ta san daga gidan mutunci yarinyar ta fito. Hajiya ma ta koma Lyon da sauƙin zuciya, har ta yi gyangyaɗi a jirgi.

Washegari Darlene ta sauka Lyon ta ziyarci gidan su Inès. Inès da kanta ta ba da labari a wurin atisaye. Uwarta ta fito da kundin hotuna tun na ranar haihuwa, ta yi kuka sau biyu, ta rantse cewa 'yarta ba ta taɓa makara ba a rayuwarta. Inès ɗin da take shan sigari a bayan ɗakin wasa, wadda in an ce atisaye ƙarfe shida sai a gan ta da rabi tana tauna cingam.

Ranar Talata saƙo ya shigo wayar Hamdiya. Darlene ta gode wa iyalin bisa gaskiyar da suka faɗa mata, ta ce ba kowace uwa ce za ta iya ba, amma batun gwiwa da rashin jin magana ya sa ta dakata. Hamdiya ta zauna a matakalar jami'a ta rubuta mata amsa mai tsawo, ta yi bayanin 'yar fari, ta yi bayanin baki, tana rubutawa tana jin kunyar yadda abin yake fita a Turanci kamar tatsuniya. Amsa ta dawo gajeriya. Darlene ta ce ba ta gane sosai ba, amma za ta kira ta bidiyo ranar Juma'a ƙarfe huɗu na yammacin Lyon, tana so ta ji daga bakin uwar ita kanta, ba tare da kawun ba. Hamdiya ce za ta yi tafinta. Litinin Darlene za ta yanke hukunci.

A ranar ne Hamdiya ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta samu Hajiya a kicin tana tsince shinkafa, ta tsaya a kanta, ta karanta mata saƙon farko kalma bayan kalma da Hausa.

"Maman, kin kashe ni. C'est fini, ya ƙare, kin gane? Shekara goma ina wahala, kin zubar cikin minti biyar."

"Kare ki na yi," in ji Hajiya. "Ba ki ga idonta ba? Ba ki ji yadda take ƙirga ki ba kamar za ta saye? Baki nike tsoro."

"Bakin wa? Ba wanda ya taɓa yi mini abin da kinka yi mini. Sau ɗaya, Maman. Sau ɗaya a duniya na roƙe ki ki ce na iya wani abu."

Hajiya ta ɗago za ta yi faɗa, sai ta ga fuskar da ke can sama tana zubar da hawaye. Ta mayar da kai kan shinkafa. Ta daɗe tana tsince tsakuwar da babu ita, don shinkafar kanti ce. Can ta ce, "Juma'a ƙarhe nawa?"

Kwana uku Hajiya ba ta ci abincin kirki ba. Zakiyya ta ce ta ji ta a ɗaki tana magana ita kaɗai tana tsayawa tana istigfari. Hamdiya kuwa ta cika takarda da kalmomin Turanci na yabo, mai himma, mai biyayya, mai lafiya, ta haddace su a cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Dabararta mai sauƙi ce. Ko me Hajiya ta faɗa, ko da ta sake cewa barci kamar kasa, ita za ta juya shi ya zama zuma. Wa zai kama ta? Darlene ba ta jin Hausa, Hajiya ba ta jin Turanci.

Ranar Juma'a Hajiya ta sa leshinta na zuwa biki, ta fesa turare saboda na'urar da ba ta jin ƙamshi, ta zauna a teburin kicin gaban kwamfuta. Darlene ta bayyana da kofin shayi, safiya ce a wurinsu. Aka yi gaisuwa, wannan karon gajeriya. Darlene ta ce tambayarta ɗaya ce: wace irin yarinya ce wannan? Hamdiya ta fassara, ta shirya takardarta a ƙarƙashin tebur.

Hajiya ba ta dubi kwamfutar ba, ba ta dubi 'yarta ba. Ledar tebur ta kafa wa ido.

"Abin da na hwaɗi a Paris ƙarya ne," ta ce. "Allah shi yahe mini. Yarinyar ga ba ta taɓa kwana asibiti ba sai don jinyar wani. Da babanta ya kwanta, ita ce tsakanina da likita, tana shekara sha huɗu. Likita ya hwaɗa mata ba ya tashi, ta riƙe abin a cikinta kwana tara, tana ce mini da sauƙi, don in samu in ci abinci. Na sani. Na gani a idonta, na yi shiru. Da ƙanenta ya karye, asansar hawa bene ta lalace, wata guda tana goya shi hawa tara, sahe da marece, ba ta ce wash ba. Tunda anka rufe babansu ban ɗauki buhu ba, ban cika takarda ba, ban je ofis ni kaɗai ba. In ta sauka fili da asuba ina bayan labule. Ko ruwa ake, ko ƙanƙara, ina nan tsaye har ta hau. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba sai waccan ta asibiti. A cikin ɗiyana babu kamarta. A unguwar ga babu. A Maraɗi ma, in an tara, babu. In kin ɗauke ta kin ɗauke mini hannun dama, amma ki ɗauka, ta cancanta."

Ta fi minti biyar tana magana, don ta faɗi wasu abubuwan da ban kawo ba. Zufa ta jiƙa wuyan leshin. Da ta gama ta ja numfashi kamar wadda ta sauke tulu, ta ce, "Hwaɗa mata."

Hamdiya ta buɗe baki. Ta shirya wa zagi, ba ta shirya wa wannan ba. Shekara ashirin da ɗaya take jiran ko rabin jimla ɗaya daga ciki, ga shi an juye mata duka a lokaci guda. Sai kuma ta hango abin da ake so ta yi. Wato so ake ta dubi baƙuwa ido da ido ta ce babu kamata a unguwar nan, babu kamata a Maraɗi. Ta faɗa da bakinta, uwarta na zaune a gefe. Ƙaryar da ta haddace a metro mai sauƙin faɗi ce, don ba ta ɗauke ta a bakin komai ba. Wannan kuwa gaskiya ce, kuma tata ce, kuma a gidan da ta tashi mutum ba ya ɗaukar irin wannan ya miƙa wa baƙo. Kunya ta rufe ta tun daga tafin ƙafa har can saman inda take. Ta leƙa takardar ƙarƙashin tebur, kalmomin suka yi mata kama da tallar sabulu.

Darlene ta kurɓi shayi tana jira. Abin da take gani a allonta shi ne tsohuwa da ta yi ta gunaguni tana kallon tebur, da doguwar yarinya da ta yi tsuru-tsuru.

Hamdiya ta ji muryarta tana fita da Turanci, siririya. "Ta ce ba laifi. Ta ce ina ƙoƙari."

Darlene ta ajiye kofin. Ta ce minti biyar ana magana, iyakar abin ke nan?

"Harshenmu yana da tsawo," in ji Hamdiya.

Darlene ta tambayi batun gwiwa, Hamdiya ta ce lafiya lau take. Darlene ta ce ta so ta ji haka daga uwar, amma ba komai. Ta yi murmushin mutanen da suka riga suka rufe littafi, ta dubi agogo, ta yi godiya. Allon ya yi baƙi.

"Kin hwaɗa mata duka?" in ji Hajiya.

"Duka, Maman."

"Har da na asibitin?"

"Har da shi."

"To ya na ji naki gajere?"

"Haka Turanci yake."

Hajiya ta miƙe, ta kama kan Hamdiya da hannu biyu, abin da ba za ta iya ba sai don Hamdiya na zaune, ta karanta abin da ta karanta ta tofa mata sau uku don kare ta daga abin da ita da kanta ta furta. Sannan ta sake ta ta ce ta tashi ta ɗora tukunya, ta zauna ta tare wa mutane hanya.

Ranar Litinin aka ba Inès gurbin. Ta yi shekara biyu a can tana ɗumama benci tana turo hotunan ƙanƙara. Hamdiya ta gama digirinta, ta samu aiki a wani ɗakin gwaji a Vénissieux, tashar tiram uku daga gida, tana buga wa ƙungiyar unguwa ranar Lahadi in gwiwa ta yarda, don yanzu kam ta fara ciwo da gaske. Kawu Dodo yana gaya wa duk mai sayen akwati cewa Amurkawa sun nemi ɗiyarsa shi ya hana, saboda sanyi.

Hajiya Zouera kuwa ta samu hujjar da za ta riƙe har kabari. Duk matar da ta zo gidan ta ɗauko zancen, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce su duba su gani. Da ta kushe yarinyar a Paris, ai ba a rufe ƙofa ba, har sake kira aka yi. Ranar da ta buɗe baki ta yabe ta, sau ɗaya tak a rayuwa, kwana uku kacal abin ya lalace. Takan ce laifinta ne, ita ta yi wa ɗiyarta baki, kuma ta yi alkawari tsakaninta da Allah ba za ta ƙara ba.

Hamdiya tana jin wannan daga kicin kusan kowane mako. Ta san kalma nawa za ta faɗa ta sauke wa tsohuwar wannan kaya, ta kuma san in ta faɗa sai ta maimaita abin da aka ce a kanta ranar Juma'ar nan. Sau biyu tana zuwa har bakin ƙofar falo da niyya. Duka biyun ta tambaya ko a ƙaro shayi.